Kashin karnuka a filin ƙwallon yara: ina za mu kai kuka a Jos?

Koci Tela:

Assalamu alaikum jama'ar Jos. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon wanda ya san aikin ƙaramar hukuma ko aikin duba-gari ya ba ni amsa tsakani da Allah. Mutumin da ke kawo karensa filin jama'a ya yi kashi, ya ja abinsa ya tafi ya bar ƙazantar a wurin, akwai dokar da ta hau kansa? In akwai, wa ke zartar da ita, kuma ta wace ƙofa talaka zai shigar da kukansa?

Ni tela ne, amma bayan La'asar nakan rufe shago in je in horar da yaran unguwa ƙwallo, 'yan ƙasa da shekara 13. Filin da muke amfani da shi yana bayan wata makarantar firamare, ba katanga, ba ƙofa, jar ƙasa ce da 'yar ciyawa a gefe. Shi kaɗai ya rage mana, sauran duk an yanka an gine. A nan ake kafa rumfar biki, a nan 'yan coci ke taron waje idan majami'a ta yi musu kaɗan, a nan mata ke shanyar acca da barkono da rani. Fili ne na kowa da kowa.

Tun da aka fara gina manyan gidaje ta saman unguwar, karnuka suka yawaita. Da asuba, cikin sanyin nan namu, masu gadi da yaran gida ke fitowa da su a sarƙa, irin manyan karnukan Turawa, a zagaya da su filin har su gama uzurinsu. Bakin raga suka fi so, domin can ƙasa ta fi laushi, kuma can ne gola ke faɗuwa da ƙirji. Ban da su akwai na sake, waɗanda ba a san mai su ba, masu kwana a juji. Kullum kafin mu fara wasa sai na raba yara su bi fili da shebur da kwali suna kwasa. Yawancinsu ba su da takalmin ƙwallo. Wani da na roba, wani ƙafa tsirara. Daga filin kuma yaran Musulmi masallaci suke wucewa sallar Magariba. Malamanmu na Malikiyya sun koya mana cewa jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma kashinsa najasa ne, to sai in tsaya a bakin famfo ina duba ƙafar kowa da wandonsa kafin ya shiga sahu.

Abin da ya sa na kasa haƙuri shi ne wani yaro a cikinsu, ɗan baya ne mai ƙwazo, da wani jan layi ya fito masa a ƙafa, a murɗe, kullum yana ƙara tsawo, ga ƙaiƙayi mai hana barci. A asibiti aka ce wa uwarsa tsutsa ce ta shiga fatar daga ƙasa mai ƙazantar dabba. Ta hana shi zuwa, kuma ban ga laifinta ba. Wasu iyayen sun bi bayanta. Yaron da aka hana fili ba ɗaki yake komawa ba, bakin titi yake komawa wurin waɗanda ba ma so ya zauna da su. Garin da ya fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa, garin Mighty Jets da Plateau United, a irin waɗannan filaye na jar ƙasa yaransa ke fara taɓa ƙwallo, shi ya sa abin yake min ciwo.

Na yi wa masu fitowa da karnukan magana da lalama. Ɗaya ya ce shi ɗan aike ne, in je in sami maigidansa. Wani ya ce fili na gwamnati ne, ba na gidanmu ba. Yanzu manyan samarin unguwa sun fara cewa a bar su da abin, za su zuba guba a nama su watsa da dare. Wannan ne ya fi tayar min da hankali, na kuma hana su da babbar murya. Duk wanda ya zauna a garin nan daga 2001 zuwa yau, ya ga 2008, ya ga 2010, ya san yadda ƙaramar magana tsakanin maƙwabta ke rikiɗewa ta koma ta addini kafin gari ya waye. Alhali wannan ba maganar addini ba ce ko kaɗan. A masu karnukan akwai Kirista, akwai Alhaji, akwai mafarauta da 'yan sintirinmu. A yaran da nake horarwa ma akwai Musulmi akwai Kirista, ƙafarsu ɗaya ce a kan ƙasar.

Ban nemi a kashe karen kowa ba, ban nemi a ƙwace na kowa ba. Hukuma nake so ta tsaya a tsakani ta ce ga ƙa'ida, don kada samari su kafa tasu. Na tambaya a gari, wani ya ce aikin hukumar tsaftar muhalli ta PEPSA ne, wani ya ce hukumar tsara gari ta JMDB, wani ya ce sakatariyar ƙaramar hukuma. Don Allah wanda ya sani ya warware min.

Tsohon Duba-Gari:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka hana samarin nan. Na yi aikin duba-gari har na yi ritaya, bari in gaya maka yadda abin yake.

Asalin alhakin na ƙaramar hukuma ne, kuma ba ra'ayina ba ne. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci kula da ajiye dabbobin gida kowane iri da yawonsu. A wurin kuma ya ɗora musu kwashe shara, da banɗakin jama'a, da magudanun ruwa, da kula da filaye da wuraren shaƙatawa. Ka ga maganarka ta faɗa hannunsu ta fuska biyu, ta kare da ta fili. PEPSA da JMDB na gwamnatin jiha ne, ɗaya tsaftar muhalli, ɗaya tsarin gari da gine-gine. Ba laifi ka ba su kwafin takardarka, amma ƙofar farko sakatariya ce, sashen lafiya, wurin jami'an tsaftar muhalli. Mu ne dai duba-gari, suna aka sauya.

Tun zamanin Turawa akwai dokar karnuka da ta ce a yi wa kare lasisi a rataya masa lamba a wuya. Hikimar ita ce kare mai lamba yana da mai shi, wanda za a kama da laifinsa. Mun tarar da ragowar wannan tsarin, a gabanmu kuma ya yi ta lalacewa. Sannan a dokar lafiyar jama'a, duk ƙazantar da ke cutar da maƙwabta, jami'i na da ikon ba wa mai ita takardar gargaɗi da wa'adi. In ya gyara, shi ke nan. In ya ƙi, a kai shi gaban majistare, kotu ce ke yanka tara. Jami'i ba ya karɓar kuɗi a hannu a bakin fili, duk wanda ya ce ka ba shi a nan, ka nemi rasit.

Ga yadda za ka yi. Kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka je da baki. Baki iska ne a ofis. Rubuta takarda gajera: ga fili, ga abin da ke faruwa, ga lokacin da ake kawo karnukan, ga abin da kuke nema. Mai unguwa ya sa hannu, hedimasta ya sa, limami da fasto su sa, iyayen yara su sa. Hannun hedimasta yana da nauyi, domin makarantar firamare ma ƙaramar hukuma na da hannu a cikinta. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku ku dawo da shi. Ku haɗa da hotuna, amma na ƙasa, ba na fuskar mutane ba. Takardar asibitin yaron nan, in uwarsa ta yarda, a sa kwafinta a rufe sunan.

Sai kansilan mazaɓarku. Mutane na mantawa cewa kansiloli majalisa ce, suna yin dokar ƙaramar hukuma. Ku ce ya nuna muku abin da dokarsu ta faɗa a kan dabbobi. In babu sashen da ya yi maganar kashin kare a fili ƙarara, shi ne zai kai ƙuduri a saka. Abin da za ku nema kada ya yi yawa: kare a sarƙa, mai shi ya kwashe abin da ya yi, kuma ban da filin makaranta. In ka cika buƙatu, a aljihun tebur takardar za ta kwana.

Za a ce maka ba kuɗi, ba ma'aikata. Ƙarancin ma'aikatan gaskiya ne, mun yi ritaya da yawa ba a maye gurbinmu ba. Amma ka tuna musu, cikin ladabi, cewa a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Allo ɗaya da durom ɗaya da jami'i ɗaya mai zuwa da asuba lokaci-lokaci ba su ne za su karya asusu ba.

Ɗan Gangare:

Koci, ina girmama ka, amma mu faɗi gaskiya. Ƙasar da mutane kusan miliyan 48 ke bahaya a fili, ita ce za ta bi kare da takarda? A 2019 Buhari ya sa hannu a dokar shugaban ƙasa cewa zuwa 2025 an daina, Jigawa ce ta fara tsallakewa a 2022, sauran fa? Je ka bakin kogin Dilimi da sassafe ka gani da idonka. Ni tsorona, ranar da aka ba jami'ai wannan dama, ba gidan mai babban get za su je ba. Talaka mai karen farauta za su tare, da mai akuya, da mai tallan gwaza. A fara da na mutane tukuna.

Maman Nanret:

Salama gare ku duka. Koci, ni mai kare ce, guda biyu gare ni, kuma ban ji haushin maganarka ba. Na gode da ka faɗa da bakinka cewa ba ta addini ba ce, don da na ga kan maganar sai da gabana ya faɗi.

Ina so ku gane dalilin da ya sa muke ajiye su. Mijina direba ne, yakan kwana a hanya. Ni da yara ne a gida, a ƙarshen layi, bayanmu duwatsu. Haushin karen nan ne ke sa in runtsa. Ba ado ba ne, ba kwaikwayon Turawa ba ne. Mu mutanen Filato mun taso da kare a tsakar gida tun kaka da kakanni, kowa ya san kasuwar karnuka ta Dawaki a Kanke. Amma a ƙauye kare daji yake shiga. A gari babu dajin, sai filin yaranku. Wannan ne da yawa daga cikinmu ba mu tsaya mun yi tunani a kai ba.

Ni a gidana na haƙa rami a bayan keji, can ake zubawa a rufe da toka da ƙasa. In ɗana zai fita da su, da baƙar leda a aljihunsa, ya sa hannu a ciki ya ɗauka ya juye ta ya ƙulle. Abin da ke ba shi wahala shi ne inda zai jefa. Ba kwandon shara ko ɗaya a hanya, sai ya riƙo ta har gida, abokansa na yi masa dariya. Yaron gidan da aka aiko, wanda albashinsa bai taka kara ya karya ba, ba zai yi wannan ba sai maigida ya sa shi dole. Don haka takardar gargaɗin Baba, gidan mai karen za a kai ta, ba hannun yaron ba.

Amma Koci, ka duba da kyau. Ina zargin rabin abin da kuke kwasa na karnukan sake ne, kuma juji ne ke tara su. Muddin ana zubar da ragowar abinci da hanjin kaji a gefen fili, za su zo, ko an ci kowa tara. A kwashe jujin tare.

Guba kuwa, don girman Allah a bari. An taɓa yi a layinmu. Kaji suka mutu, kyanwar maƙwabciyata ta mutu, karen da aka nufa yana nan da ransa, gidaje biyu kuma har yau ba sa gaisawa. Yarana ma a irin wannan filin suke wasa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In kun rubuta takardar, akwai masu karnuka da za su sa hannu. A tambaye su, kada a ɗauka duk abokan faɗa ne.

Malamin Dabbobi:

Malam Koci, a Vom na yi karatun lafiyar dabbobi, kuma aikin da nake yi ke nan. Zan yi maganar cutar, don a ofis za su tambaye ka mene ne illar, kada ka ce wari kawai.

Abin da ya sami ɗan wasanka, yadda ka kwatanta, tsutsar hanjin kare ce mai ƙugiya. Ƙwanta na fita a kashi, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai danshi, 'yar tsutsar ta huda fatar wanda ya taka ko ya kwanta. A jikin mutum ba ta iya wucewa ciki, sai ta yi ta yawo a ƙarƙashin fata, shi ne layin da kuka gani. Tana jin magani sarai a asibiti. Kada a tsaga, kada a ƙona da wuta, kada a zuba kananzir.

Wadda ta fi damuna ita ce ake kira Toksokara, doguwar tsutsar ciki da ta fi yawa a 'yan kwikwiyo. Ita ta baki take shiga. Yaro ya faɗi, ya taɓa ƙasa, ya sayi rake ko awara ya ci bai wanke hannu ba. Yawancin waɗanda ta shiga ba sa nuna komai, amma a wasu takan kai hanta ko huhu, wani lokaci ta kai ido ta lalata ganinsa. Ga abin da nake so kowa ya riƙe: ƙwan ba ya kama mutum ranar da kare ya yi kashin. Sai ya yi kamar sati biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya nuna. In ya nuna kuma yana iya yin watanni, har shekaru, da ransa, musamman a ƙasa mai sanyi da laima. Wato wanda aka kwashe a ranar, an tsira daga sharrinsa. Wanda aka bari ya bushe ya marmashe ya bi ƙasa, shara ba ta fitar da shi. Shi ya sa kwasar mai kare nan take ta fi tsaftar ƙarshen wata amfani nesa ba kusa ba.

Kuma Malam, ka daina sa yara kwasa da kwali. Babba ya yi, da shebur mai dogon hannu, a zuba a rami mai zurfi nesa da rijiya. Kada a watsa a kwata, domin ruwan sama na kai shi rafi, da ruwan rafi da na kududdufan kuza kuma ake ban ruwan latas da kabeji da karas da muke ci ɗanye. Ba a yin taki da shi. A ajiye buta da sabulu a bakin fili.

Ga masu karnuka: babban kare a ba shi maganin tsutsa duk wata uku, ɗan kwikwiyo tun yana sati biyu a fara, a riƙa maimaitawa. Mahauta da masu layya kuma, hanta ko huhun da kuka gani da ƙululun ruwa a jiki, kada a jefa wa kare. Ta nan wata tsutsar ke shiga cikinsa, ta fito a kashi, ta koma wa tumaki da mutane.

Haukan kare kuwa ba ta kashi ake ɗaukarsa ba, ta cizo ne da yawu. Amma tunda za ku je hukuma, ku haɗa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, kusan duka daga cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da 15. Ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom a gefenmu tun 1924, tana yin allurar. Ku nemi a kawo rigakafi filin naku, ko da ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware wa cutar. Ranar da masu karnuka suka taru don allura, ranar ce mafi sauƙin rubuta sunan kowa da karanta musu ƙa'ida ba tare da faɗa ba. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Anti Nas:

Ɗan'uwa, ni 'yar Bukuru ce, ina aikin jinya a Ingila. A nan ma ƙaramar hukuma ce ke riƙe da wannan. Ƙarƙashin wata doka ta 2014, kowace hukuma na iya kafa ƙa'idar wuraren jama'a a yankinta. Wanda bai kwashe ba, jami'i na iya yanka masa tara, in ya ƙi biya kotu na iya kai ta fam 1,000. Wasu hukumomin ko ledar ce ba ka ɗauke da ita, laifi ne. Filin wasan ƙananan yara da yawa an kewaye shi an hana kare shiga gaba ɗaya. Tun 2016 kuma dole a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da bayanin mai shi.

Duk da haka kada ka zata an gama da matsalar. Har gobe ana takawa a hanya, musamman da hunturu da duhu ke saurin yi, don jami'i sai ya gani da idonsa ko an kawo shaida. Abin da na lura ya fi aiki shi ne kwandon shara a kusa, da idon maƙwabta. Tsohuwa za ta tsaya ta miƙa maka leda ba ta ce komai ba, kunya ta ishe ka. Mu da muke da mai unguwa da limami da fasto, mun fi su wannan ƙarfin.

Koci Tela:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na kwafe maganarka a littafin awo na shago, da ita zan je wurin mai unguwa. Malam, daga yau ni da mataimakina za mu riƙa kwasa, zan kuma sa maƙeri ya yi min shebur mai dogon hannu.

Ɗan Gangare, maganarka ta bahaya a fili gaskiya ce, a gefen filin namu ma akwai, kuma zan saka ta a takardar, don makarantar na buƙatar banɗaki mai aiki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kashedi mai tsanani a kan yin bahaya a hanyar mutane da inuwarsu, ya kuma ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Amma ban yarda sai an gama da wancan za a taɓa wannan ba. In muka jira Najeriya ta gama gina masai, yaran da ke hannuna sun yi gemu. Tsoronka na a tare talaka a bar mai get, shi ma ina da shi. Shi ya sa nake so abin ya zama a rubuce a allo, kowa ya karanta, gargaɗi ya riga tara, takarda kuma ta je gidan mai kare kamar yadda Maman Nanret ta ce. Dokar da aka kafe a bakin fili ta fi wuyar murɗewa a kan wadda ke cikin kan jami'i. Mafarautanmu kuma ni da kaina zan same su tun kafin a kai takardar, kada su ji a bakin wani.

Maman Nanret, kin buɗe min ido a kan jujin. Gobe da asuba zan tsaya in duba waɗanne ne na sarƙa, waɗanne ne na sake. Akwai wani kwari ta bayan filin, wajen duwatsu, da yara ba sa zuwa. Ina tunanin mu roƙi mai unguwa a ware shi ga masu karnuka, a haƙa rami a can, a ajiye rabin durom mai murfi a bakin hanya. In muka ce kada su zo nan ba mu nuna musu inda za su ba, ba mu yi adalci ba. Sai dai ban san yadda zan tunkari masu manyan gidajen ba, get ɗinsu ba ya buɗuwa ga irina. Ke da kika san masu karnuka, ta ina ake shigar musu?

Maman Nanret:

Ta wurin mai yi wa karnukansu allura, Koci. Duk mai babban kare yana da likitan da ke zuwa masa gida, kuma yana jin maganarsa fiye da ta kowa. Nemi wanda ke zagaya unguwarku, ka nuna masa abin da Malam ya rubuta a sama, ka roƙe shi ya raka ku. Ku je ranar Asabar da hantsi, kai da mai unguwa da dattijo ɗaya daga coci, ban da samari. Rabin durom kuma kada ka saya, akwai ɗaya a bayan gidana da ba na amfani da shi, a turo mai Keke ya ɗauka.